Yadda ake sauya giya a keken tsere mai lanƙwasasshen kai

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar taya da kai mai lanƙwasa ƙasa. Ya duba ko'ina bai ga abin sauya giya ba, libar birki biyu kawai ya gani. Da ya gano libar tana turuwa gefe sai ya ƙara rikicewa, domin wani turin yana sa feda ta yi nauyi, wani kuma yana sa ta yi sako-sako. Sarƙa tana yawan ƙara, kuma ta taɓa faɗuwa yana tsakiyar hawan tudu. Yana so ya san wane hannu ne ke yin me, yaushe ake sauyawa, kuma ko keken ne ke da matsala.

Amsa: Malam, daga bayanin da ka yi, na fi kyautata zaton kekenka lafiyarsa ƙalau, hannu da ƙafa ne ba su saba da shi ba tukuna. Kafin ka sake hawa titi, ka sa wani ya ɗaga maka tayar baya, ko ka rataye keken ta sirdi, ka riƙa juya feda da hannu ɗaya kana tura liba da ɗayan, idonka a kan sarƙa. Abin da za ka gani da idonka a nan ya fi duk bayanin da zan yi maka shiga kai. Abu na farko da za ka lura shi ne sarƙa ba ta barin faifan da take kai sai feda tana juyawa gaba. Idan keke yana tsaye ka tura liba, kebur kawai ka ja, kuma da zarar ka taka da ƙarfi sarƙar za ta yi tsalle da ƙara.

Hannun dama shi ke kula da baya, wato tarin faya-fayan haƙora da ke jikin tayar baya, wanda masu gyara ke kira kaset. Hannun hagu kuma shi ke kula da manyan faya-fayai biyu da ke wajen feda. Wannan haka yake a duk kekunan da ke aiki da kebur, ko na wane kamfani ne. Birki ne ba shi da wannan tabbas, kuma tunda na gwanjo ka saya dole in ja hankalinka. Keken da aka harhaɗa don Ingila ko Japan yawanci birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da galibin ƙasashen Turai kuwa yana hagu. Ka matsa kowanne kana tsaye ka ga wace taya ya kama, kada sai ranar da akuya ta gitta maka ka gano.

Mafi yawan kekunan tsere da ke shigowa kasuwanninmu kayan Shimano ne a jikinsu, don haka da shi zan fara. A kowane hannu akwai abu biyu. Akwai libar birkin kanta, wadda idan ka ja ta baya birki ce, idan kuma ka tura ta ciki, wajen tsakiyar keke, giya ce. Sannan a bayanta akwai wata 'yar ƙaramar liba, baƙa, da yatsa ɗaya ke isa ya danna. Ƙa'idar guda ɗaya ce a hannu biyun: babbar liba tana kai sarƙa kan faifai mafi girma, ƙarama tana sauke ta kan faifai mafi ƙanƙanta. Inda ruɗanin yake shigowa shi ne girman faifai ba ma'anarsa ɗaya ba a gaba da baya. A baya, babban faifai shi ne mai sauƙin takawa. A gaba, babban faifai shi ne mai nauyi. Shi ya sa ka tura babbar liba ta dama ka ji sauƙi, ka tura ta hagu ka ji kamar an ɗora maka kaya.

Ni abin da nake gaya wa sababbin mahaya shi ne su daina tunanin babba da ƙarami, su kalli inda sarƙa take. Duk lokacin da ta matso kusa da jikin keke, a gaba ne ko a baya, feda za ta yi sauƙi. Duk lokacin da ta fita waje, nesa da jikin keke, feda za ta yi nauyi kuma keke zai ƙara gudu. Wannan ba ya saɓawa.

Akwai dalilin da ya sa libar biyu ba su da taushi iri ɗaya, kuma saninsa zai gyara maka hannu. Ƙarfen da ke tura sarƙa gefe, wato direla, yana da sifirin a cikinsa da kullum yake son komar da shi wajen ƙaramin faifai. Babbar liba jan kebur take yi tana rinjayar wannan sifirin, saboda haka sai ka tura ta da nisa, kuma a hannun dama idan ka zarce da turin za ta ɗaga sarƙa faifai biyu ko uku a tashi ɗaya, gwargwadon samfurin da kake da shi. Ƙaramar kuwa sakin kebur kawai take yi, danna ɗaya faifai ɗaya. A hannun hagu, hawa babban faifai shi ne aiki mafi nauyi da sarƙa ke yi a duk keken. Ka tura libar har ƙarshe, ka riƙe ta a nan kana ci gaba da juya feda, sai ka ji sarƙar ta zauna sannan ka saki. Da yawa sukan ɗan taɓa ta su saki, sarƙa ta yi ta gogar ƙarfe ba ta hau ba, su ce giyar gaba ta mutu.

Idan ka duba ba ka ga ƙaramar liba a bayan ta birki ba, duba gefen ciki, inda babban yatsa yake kwanciya. Tsofaffin Shimano Sora da wasu Tourney ɗan maɓalli ne suke da shi a nan, shi ke yin aikin ƙaramar. Campagnolo na Italiya ma da babban yatsa ake sauke sarƙa, amma shi libar birkinsa ba ta turuwa gefe ko kaɗan, wata liba ce a bayanta ke ɗaga sarƙa. SRAM na Amurka kuma liba ɗaya tak ya sa a bayan birki: ka tura kaɗan ta yi ƙas ɗaya, sarƙa ta sauka ƙaramin faifai, ka zarce da turin, ta hau babba. Masu aiki da batir, irin Di2 da Shimano ya fitar a 2009, maɓallai ne kawai, ba na jin irinsu ne a hannunka tunda ka ce libar tana turuwa.

Wannan haɗa birki da giya wuri ɗaya ba tsohon abu ba ne. Shimano ne ya fara sayar da shi a 1990, Campagnolo ya biyo da nasa a 1992, SRAM sai a 2006. Kafin nan libar giya tana kan bututun jikin keke ne, ƙasa da kai, sai mahayi ya saki hannu ɗaya ya sunkuya ya laluba, kuma har yau ana samun irin waɗannan a cikin kayan gwanjo. Gasar Tour de France kanta ba ta yarda 'yan tserenta su yi amfani da direla ba sai a 1937, kafin nan mutum yakan sauka ne ya kwance tayar baya ya juya ta don ya samu wani faifan a gindin dutse. Na kawo wannan ne don ka ga amfanin abin da ke hannunka. An dawo da giya ƙarƙashin yatsunka ne domin ka riƙa sauyawa a kai a kai, hannunka biyu suna kan keke, ko kana zaune ko kana tsaye a kan feda. Wanda ya sayi irin wannan keke ya bar shi a giya ɗaya daga gida har ya dawo, ya biya kuɗin abin da ba ya mora.

Yanzu ga lissafin, domin shi ne zai nuna maka me kake zaɓa duk lokacin da ka danna. Ka duba jikin faya-fayan gaba, yawanci an rubuta adadin haƙoransu. Na zamani sun fi zuwa da 50 da 34, ko 52 da 36, tsofaffin na tsere kuma 53 da 39. Kaset na baya yakan fara daga 11 ya ƙare a 28, 30, 32 ko 34. Ka raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa taya za ta juya idan ƙafarka ta yi zagaye ɗaya. Tayar keken tsere mai faɗin milimita 25 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Saboda haka sarƙa a kan 50 a gaba da 11 a baya tana kai ka kusan mita 9.5 a zagayen ƙafa ɗaya, a kan 34 da 28 kuwa mita 2.5 da ɗan kai. Nisa ya kusa ninka huɗu, nauyin da ƙafa za ta ji ma haka.

Mu da muka tashi a kan Phoenix da Raleigh masu giya ɗaya, ƙafarmu ta saba da abu guda: idan feda ba ta yi nauyi ba, gani muke ba tafiya ake yi ba. Wannan sabon shi ne babban abin da ke wahalar da sababbin masu keken tsere, ya fi rashin sanin liba. Za ka ga saurayi ya ɗora sarƙa a babban faifan gaba da ƙaramin baya, yana danna feda a hankali, kafaɗunsa na rangaji, yana ganin ƙarfi yake nunawa. Duba abin da lissafi ya ce. A kan 50 da 11, ƙafa na zagaye 60 a minti, gudunsa kusan kilomita 34 ne a awa. A kan 50 da 17, ƙafa na zagaye 90, gudun kusan kilomita 33 ne da ɗoriya. Gudu kusan ɗaya, amma na farkon kowane taki sai ya danna da ƙarfin da ya kai ninki ɗaya da rabi na na biyun. Wannan ƙarin nauyin a kan gwiwa da cinya yake sauka. Cinya tana ƙonewa da wuri kuma tana jimawa ba ta dawo ba, alhali numfashi da bugun zuciya, waɗanda saurin juyi ke ɗora wa aiki, suna farfaɗowa cikin ɗan lokaci. Yawancin masu kuka da ciwon gaban gwiwa bayan sun fara hawa, ko dai sirdinsu ya yi ƙasa, ko suna tura giya mai nauyi, sau da yawa ma duka biyun.

Abin da nake so ka nema shi ne ƙafarka ta riƙa zagaye tsakanin 80 zuwa 90 a minti a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ba ka buƙatar na'ura. Ka ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso cikin daƙiƙa 15, ka ninka huɗu. Idan ka samu 20 zuwa 23 kana inda ake so. Da farko za ka ji kamar kana wutsil-wutsil a banza, har ɗuwawu ya riƙa tsalle a kan sirdi. Idan ya yi tsalle, ƙara nauyi da danna ɗaya. Bayan 'yan makonni jiki zai karɓa. Daga nan aikin giya ya zama abu ɗaya: hanya ta sauya, iska ta sauya, gajiya ta zo, amma saurin juyin ƙafarka ya zauna inda yake. Ƙafa ta fara jan jiki, ka sauƙaƙa da danna ɗaya. Ta fara gudu babu abin da take turawa, ka ƙara nauyi da danna ɗaya. Hannun dama ne zai yi kusan duk wannan aikin, kuma babu laifi ko sau nawa ka danna a kilomita ɗaya. Wanda ke tafiyar kilomita 25 a awa, misali, wurinsa yana wajen 50 da 21 ko 34 da 15, a tsakiyar kaset ke nan, nesa da ƙaramin faifan nan da samari ke so.

Sai maganar ƙarar da kake ji da faɗuwar sarƙa, waɗanda nake ganin tushensu ɗaya. Sarƙa tana sauya faifai ne ta hanyar hawa gefen haƙoran maƙwabcinsa, kuma ba za ta iya wannan cikin ruwan sanyi ba idan ka ɗaure ta tamau da nauyin jikinka. Keke ba shi da kuloci irin na babur, ƙafarka ce kulocin. A daidai lokacin da ka danna liba, ka ci gaba da juya feda amma ka rage ƙarfin danna ta, na tsawon rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya, sai ka ji ta zauna sannan ka mayar da ƙarfi. Giyar baya tana da haƙuri, domin direlar baya tana aiki ne a ɓangaren sarƙa na ƙasa, wanda ba ya ɗauke da nauyi, kuma an sassaƙa haƙoran kaset yadda za su taimaka mata hawa. Giyar gaba ba ta da wannan haƙurin. Direlar gaba tana tura ɓangaren sama ne, wanda duk ƙarfin ƙafarka ke ja. Idan kana tsakiyar tudu, gudu ya mutu, kana tsaye kana danna feda da dukkan nauyinka, sannan ka danna hagu, ɗayan biyu ne: ko sarƙa ta ƙi sauka, ko ta fizge ta wuce ƙaramin faifan ta faɗa jikin keke. Ina da yaƙinin abin da ya same ka ke nan.

Maganinsa shi ne idonka ya riga ƙafarka. Ka hango tudu, tun kana da sauran gudu kuma ƙafa na juyawa da sauƙi, ka sauke sarƙa ƙaramin faifan gaba. Sai dai tazarar 50 zuwa 34 babba ce, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ne ke tafiya a danna ɗaya, shi ya sa ƙafa ke zubewa kamar sarƙa ta tsinke. Don haka da ka danna ƙaramar hagu, ka bi ta da ƙaramar dama sau biyu. A kaset mai faifai 11 na 11 zuwa 28, haƙoran suna tafiya ne 11, 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25, 28. Idan kana kan 50 da 19, ka sauka 34, danna biyu a dama zai kai ka 15, wanda ya ɗan fi inda ka baro sauƙi kaɗan, daidai abin da gindin tudu ke so. Ka ga yanzu kana da faifai shida a ajiye da za ka riƙa sauƙaƙawa da su ɗaya bayan ɗaya yayin da hawan ke ƙara tsauri, dukkansu da hannun dama mai haƙuri. Da ka kai sama hanya ta miƙe, sai ka yi akasin haka: babbar hagu, sannan babbar dama sau ɗaya ko biyu. Tun kana koyo ka yi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka danna hannu biyu a lokaci guda.

A ɗan gajeren hawa irin na gadar sama a cikin gari, sau da yawa ba sai ka taɓa hagu ba, danna biyu ko uku a dama ya wadatar. Dogon hawa irin Hawan Kibo a hanyar Jos kuwa, tun daga ƙasa ake shiga ƙaramin faifai a zauna a nemi numfashin da zai kai mutum sama. Idan za ka miƙe tsaye a kan feda don ka huta da zama, ƙara nauyi da danna ɗaya ko biyu kafin ka tashi, domin a tsaye nauyin jikinka na taimakawa kuma ƙafa ba ta juyawa da sauri. Da za ka zauna sai ka mayar. Iska ma tudu ce da ido ba ya gani. Wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu a buɗaɗɗiyar hanya ya san ana iya shiga ƙaramin faifai a wurin da babu ko ɗan tudu, kuma babu abin kunya a ciki. Haka nan kafin ka tsaya a danja ko ka shiga shataletale mai cunkoso, ka sauƙaƙa giya tun kana tafiya, domin tashi a giya mai nauyi a tsakiyar motoci da 'yan adaidaita yana sa keke ya yi tangaɗi a lokacin da ba a so.

Wata ƙarar kuma daga karkacewar sarƙa take zuwa. Idan tana kan babban faifan gaba da babban na baya, ko ƙaramin gaba da ƙaramin baya, ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan a karkace, sai ta riƙa gogar direlar gaba, tana kuma cin kanta da haƙora. Ba za ta fashe nan take ba, kuma idan ka shiga na ɗan lokaci don ƙarasa wani ɗan tudu babu komai. Zama a ciki ne ba shi da amfani, tunda giyar da kake nema tana nan a wani wurin da sarƙa za ta miƙe. 50 da 28 daidai yake da 34 da 19. 50 da 25 daidai yake da 34 da 17. Wannan ma ya nuna maka cewa keken da aka ce yana da giya 22 ba giya 22 mabambanta yake da su ba, da yawa maimaici ne. Sannan libar hagu ta Shimano tana da rabin danna da mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan sarƙa na kan babban faifan gaba ka matsa wajen manyan faya-fayan baya ka ji tana goga, ɗan taɓa ƙaramar liba a hankali, za ta yi ƙas mai taushi, direla ta matsa kaɗan ba tare da ta sauke sarƙa ba, ƙarar ta ɗauke. A ƙaramin faifai ma ana yin irinsa.

Game da riƙon kai, inda za ka fi zama shi ne kan robar da ta lulluɓe saman liba, babban yatsa a ciki, sauran a waje, yatsa biyu suna kaiwa ga birki da giya. Ƙasan lanƙwasa na gangara ne da gudu da fuskantar iska, kuma daga nan birki ya fi kamawa, giya ma tana dannuwa da yatsan nuni. Saman kai, kusa da tsakiya, wurin hutawa ne a dogon hawa, babu birki babu giya a kusa, don haka ba wurin riƙo ba ne a cikin gari. Idan yatsunka ba sa kaiwa liba daga ƙasa, yawancin na zamani suna da ɗan sukuru a ƙarƙashin robar da ke matso da ita kusa.

Idan sarƙa ta sake faɗuwa ciki kana tafiya a hanya mai laushi, kada ka taka da ƙarfi. Tura babbar libar hagu kana juya feda a hankali, sau da yawa direla za ta kwaso ta ta mayar. Idan ka ji ta cije, tsaya. Ka sauka, ka tura ƙafar direlar baya, wato ɓangarenta da ya sauko ƙasa, gaba don sarƙa ta saki, ka ɗora ta a ƙaramin faifai da hannu.

To, idan ka gyara hannu da ƙafa amma har yanzu giya na gardama, sai a koma kan keken, kuma na gwanjo ba ya rasa ɗan abin gyara. Inda kebur ke shiga direlar baya akwai ɗan noti da ake murɗawa da yatsu. Idan sarƙa na jinkirin hawa manyan faya-fayai, kebur ya saki, sai ka murɗa shi kamar za ka kwance, rubu'in zagaye a kowane karo kana gwadawa. Idan jinkirin wajen sauka ƙanana ne, ka murɗa kamar za ka ɗaure. In hakan bai yi ba, kebur ne ya yi datti ko tsatsa a cikin rigarsa, sai a sauya duka biyun. Sukurori biyu masu alamar H da L kuwa iyaka suke tsarewa don kada sarƙa ta wuce faifan farko ko na ƙarshe. Ba su ne ke daidaita dannawa ba, kuma su ne abin da mai gyaran da bai saba da irin wannan keke ba yake fara kai wa sukudireba. Idan aka saki na L a baya fiye da kima, direla na iya shiga wayoyin taya, asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ka tsaya a bayan keken ka dubi direlar: ƙananan tayoyinta biyu da sarƙa ke bi su kasance a miƙe ƙarƙashin faifai. Idan sun karkata ciki, hangar da take rataye a jiki ce ta lanƙwashe, abin da ke yawan faruwa ga kekunan da aka cusa a kwantena ko aka kwantar ta ɓangaren dama, kuma babu murɗin da zai gyara giya sai an miƙe ta. Idan kuma libar dama ta fara tauri ko tana ƙin kaiwa wasu faya-fayai, a ɗaga robar a duba kan kebur, domin a cikin liba yake fara tsintsinkewa, kuma fitar da guntunsa bayan ya yanke aiki ne mai cin rai.

Sarƙa ma tana tsufa. Tsakanin kowane fil da na kusa da shi rabin inci ne, don haka daga fil na farko zuwa na 25 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. Idan ka auna ka ga ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato wajen milimita ɗaya da rabi, ta isa sauyawa, in ba haka ba za ta cinye kaset, sabuwar da za ka sa daga baya ta riƙa tsalle a kan tsofaffin haƙora. A ƙasarmu ƙura ce ke kashe ta, musamman da hunturu. Baƙin man inji da ake zuba mata har yana ɗiga yana kama yashi ne ya zama abin goge ƙarfe. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan a kan kowace gaɓa, ka juya, sannan ka goge na waje ya bushe. Man da ke aiki shi ne wanda ya shige ciki.

Wajen sayen kaya ka kula da adadi. A samfuran Shimano na shekarun baya-bayan nan, Claris faifai 8 ne, Sora 9, Tiagra 10, 105 kuma 11 ko 12, kuma dole liba da kaset da sarƙa su zama na adadi ɗaya, domin tazarar da liba ke ja a kowane danna an auna ta ne da tazarar faya-fayan. Idan wanda ya sayar maka ya haɗa libar 9 da kaset 8, babu gwanin da zai sa su daidaita.

Abu na ƙarshe, ka ƙirga haƙoran kekenka. Tsofaffin kekunan tsere da yawa suna zuwa da 39 a gaba da 25 a baya a matsayin mafi sauƙi, an yi su ne don 'yan gasa. A tudun da kake tafiyar kilomita 8 a awa, wannan giyar za ta sa ƙafarka zagaye 41 kacal a minti, alhali 34 da 32 za ta ba ka 60. Idan haka naka yake kuma garinku na da tuddai, sauya kaset zuwa mai 28 ko 32 shi ne gyara mafi araha. Sai dai a fara duba direlar baya: mai gajeriyar ƙafa ta tsofaffin samfura yawanci ba ta wuce 27 ko 28, mai 32 na buƙatar mai doguwar ƙafa, kuma babban kaset yana tafiya da sabuwar sarƙa da aka yanke daidai tsawonsa.